Soron Gwaggo Mai Gurasa: Bashin Da Na Je Biya Bayan Shekara Talatin

A daren wata Juma'a kwanan baya, autana ya shigo gida ɗauke da wani faffaɗan kwali, yana tafiya a hankali kamar wanda aka ba ajiyar ƙwai. Ya ajiye a gabana ya ce, "Baba, yau sai ka ɗanɗana fiza." Na buɗe kwalin na ga abu zagayayye mai faɗin faifai, an yanka shi gida takwas, an shafe samansa da tumatir da cuku da 'yan yankan nama. Na ce masa, "Wannan ai gurasa ce ta je makarantar boko." Yara suka fashe da dariya. Da na tambayi kuɗinta ya faɗa mini, sai da na sake duban kwalin ko akwai wani abu a ƙarƙashinsa da ban gani ba.

Amma ba tsadar ce ta hana ni barci a wannan dare ba. Gefen da wuta ta ɗan lasa ne na kai baki, ƙamshin ya ɗauke ni cak ya mayar da ni wani lungu a cikin birni, tsakanin Jakara da Kasuwar Kurmi, ya tsayar da ni a ƙofar wani soro da aka rushe tun da daɗewa. Tare da ƙamshin kuma sai wani abu ya faɗo mini a rai wanda na yi shekaru ina kawar da kai daga gare shi: ana bina bashi a wannan soro, kuma ban biya ba.

Mai karatu, ka yi mini haƙuri a wannan mako in ajiye maganar siyasa da tsadar rayuwa, in ba ka labarin gurasa. Wataƙila kafin mu kai ƙarshe ka ga cewa ban yi nisa da su ba.

Soro mai ƙofa biyu

Gidan na ƙasa ne, rufin azara, an shafe bangonsa da makuba. Ba shi da allo ko suna a rubuce. Duk unguwa Soron Gwaggo ake ce masa, ko da yake Gwaggo kanta ba ta taɓa zama a cikinsa ba. Tana can cikin gida a bakin tanderu, ita da 'ya'yanta mata da matan maƙwabta da ke taya ta aiki. A soro kuwa ƙanenta ne yake zama, wanda yaro da babba ke kira Kawu, a gabansa akwai babban tire, da ƙwaryar garin ƙuli, da kwalbar man gyaɗa, da wuƙar da wasawa ta cinye har ta koma kamar tsinke. Tsakanin soro da tsakar gida akwai labulen buhu. Mu yara muna da izinin ɗaga shi, manya kuwa iyakarsu tabarma.

Aikin yakan fara tun dare. Bayan sallar isha'i ake kwaɓa fulawa a manyan kwanoni, a zuba gishiri da abin da zai sa ta tashi, a rufe a bar ta ta kwana. Kafin kiran sallar farko an kunna kara a cikin tanderu huɗu da ke jere a gindin bango. Tanderu tukunyar ƙasa ce mai faɗin baki, ana ƙona kara a cikinta har jikinta ya ɗauki zafi, harshen wuta ya kwanta, a bar garwashi a ƙasa. Daga nan Gwaggo za ta tsoma hannu a ruwa, ta gutsuro curi, ta faɗaɗa shi a tafin hannu, ta sunkuya ta liƙa shi a jikin tukunyar. Ba ta da agogo ba ta da ma'auni. Bayan hannunta take karawa a bakin tanderu ta san ko zafi ya yi, hancinta kuma shi ke gaya mata gurasa ta nuna. Tun daga wuyan hannunta har gwiwa babu gashi ko ɗaya, sai tabon ƙuna sabo a kan tsoho.

Da gari ya waye 'yan talla da masu tsire za su yi layi, kowa ya karɓi adadinsa a kwando. Abin da ya rage shi ake fitarwa soro. Nan Kawu zai ɗauki gurasa ya yayyafa mata ruwan ɗumi don ta yi laushi, ya barbaɗa garin ƙuli da yaji, ya zuba mai, ya yanka albasa da tumatir a kai. Wannan shi ne bandashe. Mai hali yakan aiki yaro tukubar bakin titi a sayo masa tsire ya haɗa, marar hali ya ci haka nan ya sha ruwan randa da moɗa, kuma duk a kan tabarma ɗaya.

Wanda bai tashi a cikin birni ba zai yi wuya ya gane amfanin wannan soro. A tarbiyyar da aka yi mana, abin kunya ne magidanci ya tsaya a bakin hanya yana tauna. Soron Gwaggo ya rufa wa mutane da yawa asiri: dillalin da ya fito bai karya ba, maɗinkin da matarsa ta tafi wankan gida, ɗan dako, malamin firamare da wata ya yi wa nisa. Mutum zai shigo da sallama kamar ya zo gaisuwa, ya ci ya ƙoshi, ya fita yana goge baki da gefen hannun riga.

Da dare kuwa soron yakan koma majalisa. A ƙarƙashin fitilar ƙwai na fara jin musu a kan ƙwallo, a shekarar 1978 da Rakka Robas ta Kano ta lashe gasar lig ta ƙasa. A nan na ji muhawarar PRP da NPN a zaɓen 1979, da rigimar santsi da taɓo bayan da tafiyar Malam Aminu Kano da ta Gwamna Abubakar Rimi ta rabu. Idan murya ta fara tashi, sai a ji Gwaggo daga bayan labule ta ce, "Kawun yara, a gaya musu gurasata ba ta da jam'iyya." Shi ke nan sai a yi dariya a sassauta. Ranar da Malam Aminu ya rasu a watan Afrilun 1983, 'yan santsi da 'yan taɓo da 'yan NPN duk sun zauna a soron nan jugum, tire cike, babu mai miƙa hannu.

Abincin da ya zo a bayan raƙumi

Gurasa baƙuwa ce da ta daɗe har ta zama 'yar gari. Sunanta daga Larabci yake, daga kalmar da ke nufin abu zagayayye mai faɗi, kuma har yau a Sudan akwai abincin alkama da ake kira da wannan suna. Tanderu ma ɗan'uwan tannur ne na Larabawa. Ba abin mamaki ba ne, domin tun da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi, Kano ta zama masaukin fataken Sahara. Larabawan Gadamas da Tarabulus sun zauna a cikin birni, sunayen unguwanni irin su Dandalin Turawa da Alfindiki suna nan suna ba da shaida, don kuwa kafin zuwan Nasara Larabawa ake kira Turawa. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya iso Kano a 1851, ya tarar da su da gidajensu da harkokinsu. Baƙo kuwa ba ya zuwa da hajarsa kaɗai, yakan zo da cikinsa. Ta haka abincin alkama irin su gurasa da alkaki suka shiga gidajen sarauta da na attajirai.

A wancan zamani alkama ba abincin kowa ba ce. A fadama ake noma ta lokacin sanyi, ana ban ruwa da jigo, a niƙa ta a dutse. Shi ya sa dattawa ke cewa a da gurasa da miya sai gidan mai hali, ko ranar biki, ko idan an yi babban baƙo. Abin da ya sauko da ita hannun talaka shi ne fulawar inji. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan teku suka fara danne na Sahara, daga baya aka kafa kamfanonin niƙa alkamar da ake shigowa da ita daga ƙasashen waje, har aka sami ɗaya a Bompai. Da kuɗin man fetur suka bunƙasa a shekarun 1970, fulawa ta yi araha, matan birni suka mayar da gurasa sana'a. Jakara ta yi suna da ita, ga kuma unguwa guda da sana'ar ta ba suna, wato Ceɗiyar 'Yan Gurasa.

A nan akwai abin lura. Ranar da gurasa ta zama abincin kowa, ranar ce kuma ta ɗaura rayuwarta a jikin jirgin ruwa da farashin dala. Gwaggo ba ta taɓa ganin teku ba, amma abin da ya faru a bakin teku shi ya riƙa yanke hukunci a kan tanderunta.

Zanen gawayi

Mahaifina ya rasu ina ɗan shekara 13, a shekarar da na shiga sakandare. Baduku ne a Kurmi, bai bar gona ba bai bar haja ba, sai mu biyar da mahaifiyarmu da ke ɗinkin hula. Ba da jimawa ba aka shiga tsuke bakin aljihu na zamanin Shugaba Shagari a 1982, sannan layin sayen madara da sabulu da shinkafa na 1984. A gidanmu an koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini.

Wata safiya na biyo ta lungun da kayan makaranta, na tsaya a ƙofar soron ina gyara igiyar takalmin da babu abin da ya same ta. Ban san Gwaggo na hango ni ta gefen labule ba. Ta ce, "Kai ɗan boko, zo nan." Na shiga na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Ka karya?" Na ce na karya. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ka bar yi wa tsohuwa ƙarya da sassafe." Ta ciro gurasa mai zafi ta miƙo mini. Na ce, "Gwaggo, ba ni da kuɗi." Ta ce, "Wa ya ce kyauta ce? Bashi ne. Idan ka zama joji ka biya ni." Ta ɗauki guntun gawayi ta ja layi ɗaya a jikin bango, kusa da ƙofar ɗakinta.

Sai a ranar na lura bangon cike yake da irin wannan zane, rukuni-rukuni, kowane rukuni da alamarsa, domin Gwaggo ba ta yi karatun boko ba. Wani an yi masa da'ira, wani ƙafar kaza. Ni alamar allo ta yi mini. Daga ranar, duk safiyar da babu komai a gida sai in bi ta lungun, in ɗaga labule in gaishe ta, ta miƙo, ta ja layi. Ban taɓa jin kunyar shiga ba, don a ganina ciniki muke yi. Har nakan yi ƙorafi idan ta ba ni wadda gefenta ya ƙone, ta ce, "Ji mai bashi da tsirfa!"

Duk shekara idan azumi ya kai goman ƙarshe, akan shafe gidan da farar ƙasa saboda Salla, zanen ya ɓace gaba ɗaya. Na ɗauka ta haddace lissafin ne, don ta fi kowa riƙe ƙidaya a ka. Saboda haka ni ma na buɗe nawa lissafin a bayan littafin darasi, don kada ranar biya a yi gardama. Lokacin da na gama sakandare na ƙirga layi 211. A farashin sule-sule, wato kwabo goma, naira 21 ke nan da kwabo 10. Na yi wa kaina alkawarin albashina na farko nata ne.

Yadda wutar ta mutu

Ba rana ɗaya soron ya rufe ba. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi. A farkon 1987 kuma aka hana shigo da alkama daga waje, da niyyar a noma ta a gida. Niyyar ba ta da laifi. Kano na da madatsar ruwa ta Tiga da aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako, kuma manoman Kadawa da Kura sun shuka alkama sosai a waɗannan shekaru. Sai dai abin da aka noma bai kusa isar ƙasar ba. Fulawa ta yi wuya, wadda ake samu ta bayan fage kuma ta yi tsada.

Duk lokacin da na zo hutu daga Zariya sai in tarar an rage wani abu. Tanderu huɗu suka koma biyu. Gurasar ta ƙanƙance. Gwaggo ta koma sayen alkamar gida a mudu tana kai wa inji, gurasar ta fito ja-ja mai nauyi. Tsofaffi suka ce ita ce ta asali, samari suka ce ta yi tauri. Wasu masu sana'ar sun riƙa haɗawa da garin da ba na alkama ba don su tsira da jari, ita kuwa ta ƙi. Masu tsire suka koma inda ya fi araha, kuma ba na ganin laifinsu. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, layukan bango ba su ragu ba, ƙaruwa suka yi.

Sannan hayaƙin shekara arba'in ya nemi hakkinsa. Idanunta suka fara yin hazo, tari ya kama ta. 'Ya'yanta mata sun yi aure, kuma ba a lungun suka zauna ba, domin birni ya cika, sababbin ma'aurata sai Kurna da Rijiyar Lemo da Ɗorayi da Sheka. Kawu ya rasu. A 1992 aka janye dokar hana shigo da alkama, fulawa ta dawo kasuwa, amma ta tarar babu mai sunkuyawa a bakin tanderu. Bayan shekara guda Gwaggo ta cika.

Ina Legas a lokacin, na fara aiki. Albashin farko ya tafi a kuɗin haya, na biyu a kuɗin makarantar ƙannena, na uku na ce sai na zo gida da Salla in kai mata da hannuna, har da turmin atamfa. Wasiƙar rasuwarta ta riga Sallar zuwa. Da na zo na yi ta'aziyya, kunya ta hana ni ta da maganar naira 21 a gaban mutane. Na ce sai an kwana biyu. Aka raba gado, gidan bai rabuwa, aka sayar. Wanda ya saya ya rushe ya yi ginin bulo, inda soron yake ya fitar da shaguna biyu. Yau a ɗaya ana cajin waya, a ɗaya ana sayar da ruwan leda. Kwana biyun nan da na ce, su ne suka zama shekara talatin da 'yan kai.

Ranar biya

Malamai sun sha yi mana gargaɗi a kan bashi, cewa hakkin mutane ba ya faɗuwa don mai shi ya mutu, yana komawa ga magada ne. Na san haka, na kuma riƙa faɗa wa wasu. Kwalin autana ne ya sa na daina yi wa kaina wa'azin da ba na aiki da shi. Na tambayi wani malami yadda zan yi, tunda naira 21 a yau ko ashana ba za ta saya ba. Ya ce don in fita daga shakka, gurasa na ci, in ƙimanta gurasa 211 a farashin yau in kai.

Sai da na yi mako biyu ina cigiya kafin na sami babbar 'yarta a wata unguwa bayan ganuwa. Ta tsufa, tana zaune a kan darduma da carbi. Na gaishe ta na faɗi ko ni ɗan wane ne. Ta ce, "Ikon Allah! Ɗan boko mai allo?" Na ajiye ambulan a gabanta na ce, "Yaya, bashin Gwaggo na kawo. Ku yafe mini jinkiri."

Ta yi shiru, sannan ta yi dariya har da share ido. Ta ce, "Ƙanena, kai ne na huɗu. Akwai wanda ya zo daga Kaduna da buhun fulawa." Ta ce kafin Gwaggo ta rasu sun tambaye ta ko tana bin wani, don a rubuta. Ta ce musu tana bin masu tsire biyu, ta faɗi adadi, aka karɓo. Suka ce, to na bango fa? Ta ce wannan an biya tun tuni, duk shekara da farar ƙasa take karɓa. Suka ce to me ya sa take wahalar da kanta da zane? Ta ce yaron da ake ba kyauta kullum, wata rana ba zai iya haɗa ido da mutane ba, amma wanda ake ba bashi da ƙafarsa yake shigowa, kansa a sama.

Na daɗe ban ce komai ba. Na yi karatu har digiri na biyu, na zauna a tarurruka da yawa a kan yadda za a taimaki marayu da masu ƙaramin ƙarfi, ban taɓa jin wanda ya warware matsalar cikin jimla ɗaya kamar wannan tsohuwa ba. A yau idan za a ba maraya mudun shinkafa, sai an tsayar da shi a rana, an ɗora masa buhu a ka, an ɗauki hoto an watsa a Facebook. Ita kuwa har ƙaryar bashi ta ƙirƙiro don kada in san ana taimakona.

Yaya ta ture ambulan ɗin ta ce ba za ta ci abin da mahaifiyarta ta riga ta kai gaba ba. Da na matsa, sai ta ce idan dai sai na rabu da kuɗin, akwai jikar Gwaggo guda da ta riƙe sana'ar, tana fama da tanderu ɗaya da ya tsage. Can na kai su.

Abin da ya rage a hannunmu

Ba na cikin masu cewa komai na da ya fi na yanzu. Hayaƙin kara ya lalata idanu da ƙirjin mata da yawa. 'Yan mata da yawa sun yi tallar gurasa a lokacin da ya kamata suna aji, kuma 'ya'yan Gwaggo babu wadda ta wuce firamare, alhali da guminsu na yi nawa karatun. Wannan ma bashi ne, kuma ba a shafe shi da farar ƙasa. Gurasa kuma ba ta mutu ba. Har gobe ana yin ta a Jakara da sauran unguwanni, ana lodinta zuwa wasu garuruwa, duk da abin da tsadar fulawa ta yi wa masu sana'ar tun daga yaƙin Rasha da Yukren a 2022 da cire tallafin mai a 2023. Abin da ke ɓacewa shi ne soro, da irin zaman da ake yi a cikinsa, da ilimin da ke hannun tsofaffin da ba wanda ya tambaye su.

Mutanen Napoli a Italiya, inda fiza ta samo asali, ita ma a wurinsu abincin talaka ce a farko. Amma sun riƙe ta da daraja, sun rubuta ƙa'idojinta, sun koyar da ita, har a 2017 hukumar UNESCO ta sanya gwanintar masu gasa ta cikin al'adun da duniya ke taskacewa. Mu ma a 2024 an sanya hawan Sallar Kano a wannan jeri, abin alfahari ne. Sai dai tarihin birni ba a kan doki kaɗai yake ba. Muna kuka, da gaskiyarmu, a kan yadda ake cinye ganuwar da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, amma ganuwa ko ta zube akan ga tudunta. Sana'ar da ke cikin gida idan mai ita ta mutu, ko tudu ba ta bari.

Don haka ina da roƙo guda uku. Na farko ga ɗalibanmu na Jami'ar Bayero da sauran manyan makarantu, musamman masu nazarin Hausa da tarihi: wayar da ke hannunku ta isa ta ɗauki muryar kakanninku. Ku zauna da masu gurasa da masu alkaki da masu waina da masu fura, ku tambaye su wa ya koya musu, da me ake yi kafin zuwan yis, yaya suka tsallake shekarun da babu fulawa. Na biyu ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha da masu kula da Gidan Makama: a ba sana'o'in mata na cikin gida gurbi kamar yadda aka ba takubba da sulke. Na uku ga injiniyoyinmu: a samo tanderun da zai riƙe ɗanɗanon ya rage hayaƙin, a farashin da mace mai jarin buhu ɗaya za ta iya saya. Sai kuma na huɗu da ban ƙirga ba, wanda ya shafi kowa: idan akwai wata Gwaggo a rayuwarka kuma tana da rai, kada ka jira Salla.

A makon jiya na ɗauki autana muka je gidan jikar Gwaggo. Ta ciro mana gurasa daga sabon tanderu, aka yi mana bandashe da ƙuli da albasa. Ya ci ɗaya, ya ci ta biyu, ya ce, "Baba, da an sa mata cuku da ta fi." Na ce wannan kuma rigimar zamaninku ce, ku je ku yi. Da muka tashi tafiya na ga wani yaro da kayan makaranta a ƙofar gidan, ya sunkuya yana gyara takalmi. Ban tsaya na ga abin da ya biyo baya ba, don ba a kallon irin wannan ciniki.

Allah ya jiƙan Gwaggo da Kawu da iyayenmu, ya sa abin da suka ciyar ya zame musu haske a kabari. Mu kuma ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu tun muna da sauran numfashi.